Sharar da Na Ɓoye a Fakon Bayan Gida

Abin da na fara lura da shi ranar da ɗan kabu-kabu ya sauke mu ni da Inna a ƙauyen su Babana shi ne babu tururuwa a bayan gidan Kaka. Ni mai tafiya ce kai a sunkuye, saboda haka ƙasar wuri nake fara sani kafin mutanensa. A gidanmu na Anka, in ɓarɓashin abinci ya faɗi, kafin ka juya sun yi layi a kansa. A nan kuwa na gutsuri ƙuli-ƙuli na yar, na tsuguna ina jira har ƙafata ta yi tsami, ba abin da ya zo. Shekarata goma sha ɗaya lokacin.

Filin ja ne, mai tauri kamar daɓen ɗaki, ya tashi daga katangar gidan har bakin hanyar shanu. Ko ciyawa ɗaya babu. Fako ake ce wa irin wannan ƙasa. Inna ce ta ba ni labarinsa da daddaɗewa, a taƙaice, don ba ta son maganar. Ƙauyen yana kusa da Abare, kuma lokacin da aka shiga harkar zinari, a filin nan maza suke shanya dutse suna niƙawa. Ashe ƙurar dutsen akwai gubar dalma a ciki. Ƙananan yara suka yi ta ciwo, gidaje da yawa suka yi rashi, har da namu, don 'yar farin Baffa, ƙanen Babana, a nan ta tafi tana rarrafe. Daga baya ma'aikata suka zo suka kankare saman ƙasar, suka kwashe suka binne nesa da gari. Cikin gidaje an zuba sabuwar ƙasa, amma filin waje haka aka bar shi. An ɗora masa na'ura, aka ce guba ta fita. Ciyawa dai ba ta dawo ba.

Kaka ta leƙo ta same ni a tsugune. Ta ce, "Ke kurma, mi kike biɗa a ƙasa? Allura kinka yar?" Kurma take ce mini saboda rashin maganata. Na ce mata babu komai, na bi ta ciki.

Baffa mutum ne dogo mai ƙarancin dariya. Tsakanina da shi gaisuwa ce kawai, ina durƙushe, idona a kan takalminsa. Kowace shekara in damina ta kusa, sai ya je kasuwar Anka ya sayo dashen mangwaro a baƙar leda, ya sa diga ya fasa fakon nan kusa da katanga, ya dasa, ya kewaye da ƙaya. Na taɓa ganinsa yana ba su ruwa. Ruwan zama yake a ramin kamar an zuba a tukunya, ba ya nutsewa. Sati kaɗan ganyen ya yi launin ƙasa ya kakkaɓe, sai sanda a tsaye. Shekara ta zagayo ya sake sayowa. Ba wanda yake ce masa ya bari. Kowa ya san dalilin da ya sa yake son inuwa ta rufe wurin.

Amfani ɗaya fakon yake da shi. Bayan girbi mata a nan suke sussuka da sheƙa, tunda ba ya haɗa hatsi da yashi. Hutun da na fara yi a can ya faɗo daidai lokacin, sai Kaka ta ba ni aikin shara. Kullum bayan la'asar in share filin tas, in haɗa ƙaiƙayi da guntayen kara da kashin awaki da tokar murhu a kwando, in kai juji. A wajen Kaka, fili mara shara abin kunya ne, ko da babu mai zama a cikinsa.

Matsalar ita ce hanyar juji ta gindin tsamiya ta bi, inda dattawa suke zama a wannan lokacin. Ranar farko na sauke kwando na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce ɗiyar wa ce, wani ya ce 'yar birni ce, ba ta jin Hausa, wani ya ce a ɗaga murya tsoho ba ya ji. Suka yi ta dariya, ba da mugunta ba, amma ni ji na yi kamar in nutse. Washegari na ɗauki kwandon, na duba hagu da dama, na nufi can ƙarshen filin, wajen wani ɗan kwari inda aka yar da tsohon zana. Na ɗaga zanan, na juye sharar, na mayar na rufe. Haka na yi ta yi har hutu ya ƙare. Da wurin ya cika, na buɗe wani gaba kaɗan, dab da hanyar shanu. Na koma Anka da nauyin abin a zuciyata, ina ganin na yi ha'inci.

Sai dogon hutu na dawo, damina ta yi nisa. Ko hijabina ban cire ba na zagaya baya, don in ga ko an gano. Daga nesa na hango wani abu kore a ƙarshen jan filin, kamar an manta da sallaya. Na matsa kusa na tsuguna.

Zanan ya kusa ƙarewa. Gara ta lulluɓe shi da laka, ta bi kowane kara ta gina masa rufi. Da na ɗaga abin da ya rage, sai na ga ƙasan ya cika da ƙananan ramuka, fakon da diga ke tartsatsi a kansa gara ta huda shi kamar rariya. Iska ta tara yashi mai laushi a jikin tarin. A gefen da yake samun laima akwai wata baƙar fata-fata a kan ƙasa, mai sheƙin kore in rana ta haska ta, irin gansakukar bakin rijiya amma siririya. Cikin yashin kuwa tsaida ta shimfiɗa hannuwanta da 'yan furanninta rawaya, ga ƙarangiya, ga wata ciyawa mai gashi kamar na jariri. Tururuwa suna ta kai da kawo a tsakani, kowace da abin da ta ɗauko.

Na koma gida na ɗauko buta. Na zuba ruwa a kan fako, ya gangara ya tafi kamar a kan faranti. Na zuba a kan tarin, ya tsaya ɗan lokaci, sai ya shige, har da 'yar ƙara. Na sake zubawa, ya sake shanyewa. Ban san iya zaman da na yi a wurin ba. Ba wanda ya shuka ko ɗaya daga cikinsu, ba wanda ya ba su ruwa. Na yi ta tasbihi a zuciyata, don ban taɓa ganin abu ya fara daga babu a gaban idona ba.

Daga shekarar nan da gangan nake zubawa. In an yi sussuka sai in faɗaɗa tarin taki ɗaya ko biyu, in ɗora kara a kai in danne da dutse don kada iska ta kwashe. A hutu na uku Kaka ta kama ni. Ta biyo ni da sandarta ba tare da na ji ba, ta tsaya a kaina ina juye kwando. Na ɗauka faɗa za ta yi. Sai ta sa sandar ta tona gefen tarin, ta daɗe tana kallo.

"Ashe kurma ɓarauniyar shara ce," in ji ta. "Wa ya koya maki kiran gara?"

Na ce ba kowa, tsoron gindin tsamiya ne. Ta yi dariya har da tari. Ta gaya mini cewa tana yarinya ta ga mahaifinta yana shimfiɗa kara da rassa a kan fakon gona, a bar shi shekaru, gara ta yi masa noman da garma ta kasa. Ta ce da takin zamani ya zo sai aka daina, ita kanta ta manta. Ta ƙara da cewa in ci gaba, ba za ta faɗa wa kowa ba, amma sauran filin in share shi yadda ya kamata, kada a ce jikarta ƙazama ce.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wurin ba ya maimaita kansa. Damina ta biyu na zo ina neman tsaida, sai na tarar ta koma gefe-gefe, inda sabuwar shara take. Tsakiya harƙiya ta cinye, da kyasuwa mai jan kai wadda ta kai mini gwiwa, da tafasa. Damina ta uku tumfafiya ta fito guda biyu. Na san ta inda ta zo, don na sha ganin 'ya'yanta suna yawo a iska da farin gashinsu, suna sauka a fako suna wucewa, ba abin da zai riƙe su sai da suka sami ciyawa. A shekarar ne kuma na ga gamba, wadda ba ta mutuwa da rani, sai dai ta bushe a sama tushenta yana nan. Ƙasar ƙarƙashinta ta fara yin duhu, in na damtsa tana da ƙamshi. Tsutsa ta zo, fara ta zo, ƙadangaru suka biyo su, wata 'yar tsuntsuwa ta yi sheƙa a tumfafiya. Waɗanda suka fara zuwa kuwa, inuwar na bayansu ta kore su. Na riƙa jin tausayin tsaida, duk da ta sha soke ni a ƙafa.

Ina da wani tsohon littafin rubutu da nake danne ganye a ciki. Kowane hutu in tsinko ɗaya daga kowane iri, in tambayi Kaka sunansa, in rubuta a ƙasa da daminar da ya fito. Wanda ba ta sani ba sai ta ce in bari in Bafillatanar da ke kawo mana nono ta zo, ita ta san duk abin da saniya take ci da wanda take ƙi.

Ina ajin farko na babbar sakandare Malamar kimiyyar halittu ta zo kan darasin yadda tsirrai suke gadon wuri daga juna. Ta zana fili fayau a allo, ta zana gansakuka, sai ciyawa, sai ƙananan itatuwa, sai manya. Ta ce na farko su ne masu jure wahala, su suke tara ƙasa da laima, in sun mutu su zama taki, da haka suke gyara wa waɗanda za su maye gurbinsu. Abin da ke bayan gidan Kaka ne take zanawa. Ta tambaya ko akwai wanda ya taɓa gani da idonsa. Ban ɗaga hannu ba. Sai da aka tashi kowa ya fita na ajiye littafin ganyena a kan teburinta, na tsaya gefe.

Ta buɗe shafi-shafi har ƙarshe. Sannan ta jawo mini kujera. Ta ce masana kansu ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Wasu sun ce wuri yana girma ne kamar ɗan Adam, mataki bayan mataki, kuma kowane fili a yanki ɗaya ƙarshensa iri ɗaya ne in an ƙyale shi. Wasu suka ce babu wata hanya da aka shata, abin da iska ko dabba ta fara kawowa shi ne yake juya labarin, har ma na farko yakan tare wa na baya hanya maimakon ya taimake shi. Ta tambaye ni wanne na gani.

Da ƙyar na gaya mata cewa tari biyu nake da su. Dukansu da gara suka fara, sannan tsaida da ƙarangiya. Amma na wajen kwari tafasa ta rufe shi ruf, shekara biyu ba abin da ya iya ɓullowa ta ƙarƙashinta sai gamba a gefe. Na bakin hanyar shanu kuwa, inda garken Fulani ke ratsawa bayan girbi, na ga bagaruwa ta tsiro daga tsakiyar busasshen kashin saniya, ga kalgo, ga sabara guda uku, tun ciyawar ba ta gama kafuwa ba. Na ce farkonsu ɗaya ne, daga baya kowanne ya kama gabansa.

Malama ta ce to in riƙe abin da na gani. Ta ce masu gyaran ƙasar da ta lalace da wannan ilimin suke aiki: ba a fara wa fako da itacen da ya kamata ya zo a ƙarshe, ana taimakon na farko ne su samu wurin kamawa, a tsare su daga wuta da bakin dabba, sannan a dasa abin da ake so in ƙasa ta yi kauri. Na tambaye ta shekara nawa. Ta ce ba ta sani ba, wataƙila sai ina goye da ɗa zan zauna a inuwarsa. Ta kuma ja mini kunne cewa ko da an ce wurin ya tsarkaka, kada a ci tafasar, kada a bar yara su yi wasa da ƙasar sai an sake aunawa.

Hutun bazarar da ya biyo baya na isa ƙauye na tarar ana maganar wurin. Tarin biyu sun kusa haɗewa, faɗinsu ya fi tsakar gidan Kaka, busasshiyar ciyawa ta kai ƙugu. Matar Baffa ta ga maciji ya shiga ciki. Dattawan gindin tsamiya kuma sun sa Baffa a gaba da tsokana, wai mangwaro ya ƙi shi, ya koma kiwon daji, kura kawai ake jira ta tare. Da muna cin tuwo na ji shi daga zaure yana gaya wa Kaka cewa gobe in an fito masallaci zai sare ciyawar ya sa wuta, ya share wurin, tunda ga alama ƙasar can ta farka, bana a can zai dasa.

Na ajiye lomar da ke hannuna. Na san kaurin ƙasar, don ina aunawa da yatsa kowane hutu. Yatsa huɗu ce. Saiwoyi da ganye ne suke riƙe da ita. In aka ƙone aka share, ruwan farko mai ƙarfi zai wanke ta ya kai hanyar shanu, a koma jan fako, aikin gara na shekara biyar ya tafi a yini ɗaya.

Na sami Kaka na roƙe ta ta yi masa magana. Ta ƙi. Ta ce ita ba ta san zancen makaranta ba, kuma in ta hana shi zai ce tsufa ne. "Ke kinka tara, ke za ki tsare," in ji ta. "Bakin ga naki ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba."

Da gari ya waye na riga Baffa zuwa wurin. Na yayyaga wani tsohon ɗankwali na ɗaure a jikin bagaruwar da kalgon da sabarar uku, don a gan su cikin ciyawa. Bagaruwar ta kai mini ƙirji, ƙayarta fari tas, raɓa tana ɗiga daga ganyenta. Ina cikin ɗaura na ƙarshe na ji takunsa. Yana riƙe da adda da fartanya, ashana a aljihun gaba.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya ce in matsa kada wuta ta taɓa ni. Ban matsa ba. Ya dube ni, ya dubi tsummokaran, ya tambaya wa ya ɗaura. Na ce ni ce. Daga nan maganar ta riƙa fitowa a hargitse, ban san ta inda na fara ba. Na faɗa masa zancen kwando da gindin tsamiya, da zanan, da gara, da abin da Malama ta ce. Idona yana ƙasa. Na roƙe shi ya sara da fartanya a tsakiyar wurin ya gani.

Ya sara. Fartanyar ta shige cikin baƙar ƙasa ba wuya, ta ɗago da saiwoyi farare kamar zare. Ya sake sarawa a ramin, sai ta yi ƙara, ta dawo masa a hannu. Jan fakon yana nan a ƙasa. Ya tsuguna, abin da ban taɓa ganin ya yi a gabana ba, ya ɗebi ƙasar ya murza, ya kai hanci. Ya daɗe a haka. Na ga ya waiga wajen katanga, inda sandunan bara suke tsaye cikin ƙaya.

"Shekara nawa ina haƙa da ban ruwa," ya ce a hankali, kamar ba da ni yake ba. "Ashe sharar da muke kwashewa ita ƙasag ga take jira." Sai ya ɗan murmusa. "Wato duk wanga daji, gudun gaisuwa ne ya haife shi?"

Na ce e, Baffa.

Ya ce to ga maciji, ga bakin mutane, ga damina ta taho, mi nike so a yi. Hannunsa yana kan aljihun da ashanar take, amma bai ciro ta ba. Na ɗaga kai na dube shi a fuska, karo na farko tun da na san shi.

Na ce, "Baffa, don Allah kada a sa wuta. A sare gefen da ke kusa da gida saboda macijin, ni zan kwashe in shimfiɗa a gaba. Sauran a bar mani shi damina uku. In ka tafi yankan ƙaya bana, ka taimake ni da ita mu kewaye waɗanga da na ɗaura ma tsumma, kada awaki su cinye su."